Dakta Andrew Stirrett: Bature Mai Magani da ya ƙare rayuwarsa tsakanin zango da kasuwa

A watan Nuwamba na shekarar 1902 wani Bature ɗan ƙasar Kanada ya sauka a Legas yana da shekara 37 a duniya. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, bai kuma bar wata dukiya a gida ba, domin ya riga ya kyautar da ita kafin ya taso. Sunansa Andrew Park Stirrett, amma mutanen Arewa ba su wahalar da harshensu wajen kiran wannan suna ba, sai suka raɗa masa Bature Mai Magani. Daga ranar da ya sauka har zuwa rasuwarsa a Jos a 1948, kusan shekara 46 ke nan, buri ɗaya ya sa a gaba, wato ya isar da wa'azin addinin Kirista ga Hausawa da harshensu. Ya yi tafiyar ƙasa mai nisan gaske, ya yi wa'azi sau dubbai, duk da haka Hausawan da ya zo dominsu ba su bar addininsu ba. Abin da ya bari a baya ya fito ne ta inda bai fi sa rai ba, kuma wannan shi ya sa tarihinsa ya cancanci a waiwaye shi.

Daga kantin magani zuwa bakin Kwara

An haifi Stirrett a shekarar 1865 a wani ƙaramin gari mai suna Camlachie da ke lardin Ontario na ƙasar Kanada. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya zauna a birnin Toronto, inda ya mallaki kantunan magani guda biyu, ya kuma shiga karatun likitanci. Mutum ne da ya riga ya kafu, ciniki yana tafiya, gobe ba ta da wani abin tsoro a gare shi. Ana cikin haka sai wata 'yar ƙasida ta faɗo hannunsa, wadda wani mai wa'azi da ake kira Rowland Bingham ya rubuta game da ƙasar Sudan. A bakin Turawan wancan zamani, Sudan ba ƙasar da Khartum ke babban birninta kaɗai ba ce. Suna nufin dukan shimfiɗar ƙasar da ke kudu da hamadar Sahara, tun daga Sanagal har zuwa kogin Nilu, wadda ƙasar Hausa ke tsakiyarta.

Shi Bingham ɗin yana rubutu ne da ciwon abin da ya gani da idonsa. A watan Disamba na 1893 ya sauka a Legas tare da abokansa biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, da niyyar kutsawa cikin ƙasa. Shekara guda kacal bayan haka Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bidda, shi kuwa Bingham ya koma gida da jinya. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi. Sai a karo na uku, a 1902, mutanen ƙungiyarsa suka samu wurin zama a Patigi, garin Nufawa da ke bakin kogin Kwara, daura da inda kogin Kaduna yake zuba ruwansa. Wannan ƙungiya ce daga bisani ta ɗauki sunan Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM.

Da Stirrett ya gama karanta ƙasidar, sai ya sayar da kantunansa, ya miƙa wa ƙungiyar dukiyarsa. Ya tsallaka teku zuwa Ingila a jirgin ruwan dakon shanu, ya tsaya a Liverpool ya yi ɗan kwas kan cututtukan ƙasashe masu zafi, sannan ya kamo hanyar Legas tun shugabannin ƙungiyar ba su kai ga tabbatar da ɗaukarsa ba. A haka ya isa Patigi, tamkar ɗan gwaji. Cikin ɗan lokaci cuta ta tarwatsa yawancin waɗanda ya tarar a wurin, shi kuwa da ya zo daga baya, shi ne ya daɗe.

Darasin kwinin

Tsayawar da ya yi a Liverpool ba ƙaramin amfani ta yi ba. A 1898 aka kafa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi a birnin, kuma a can Ronald Ross yake koyarwa, likitan da ya gano a 1897 cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin da ke kashe mutane. Amfanin kwinin kuwa an san shi tun da daɗewa, domin a 1854 Dakta William Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya komo bai rasa ko mutum ɗaya ba. Sai dai sanin abu daban, lizimtarsa daban. Da yawa daga cikin 'yan mishan na farko ba su shan magani sai ciwo ya kwantar da su, lokacin da sau da yawa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Stirrett ya zo da tarbiyyar mai kantin magani, wanda ya saba da awo da ƙa'ida. Ya dage a kan cewa kowane ma'aikacin ƙungiyar ya riƙa shan kwinin kowace rana, da lafiya ko babu, kuma shi ne ya fara zama misali. Tun daga nan mace-macen da suka kusa kashe ƙungiyar tun tana jaririya suka ragu ƙwarai. Ana iya cewa hidimarsa ta farko ga SIM ba wa'azi ba ce, raya masu wa'azin ne. Da ba don haka ba, da wuya a ga tashoshin da aka buɗe daga baya a Egbe da Kwoi da Karu da Miyango da Kaltungo.

Birni a rufe, zango a buɗe

Ko da yake a ƙasar Nufe ya fara zama, zuciyarsa tana ga Hausawa. To amma ya iso a daidai lokacin da ƙofofin biranen Hausa suke a rufe ga irinsa. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Mila na ƙungiyar CMS sun isa Kano, Sarkin Kano Alu ya umarce su da su fice masa daga gari, suka koma Girku. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alƙawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba. Gwamnonin da suka biyo bayansa suka riƙe wannan alƙawari a matsayin dalilin hana 'yan mishan kafa tasha a masarautun Musulmi. Likita Mila kaɗai ya samu zama cikin birnin Zariya daga 1905, shi ma daga baya aka mayar da aikinsa Wusasa, bayan ganuwa.

Mai son ya fahimci rayuwar Stirrett sai ya fahimci wannan hani, domin shi ne ya mayar da shi matafiyi. Tun da ba a yarda ya je ya zauna a cikin Hausawa ba, sai ya nemi inda Hausawa ke zuwa da ƙafarsu. A 1904 SIM ta buɗe tasha a Wushishi, a bakin kogin Kaduna, kusa da Zungeru wadda take hedikwatar gwamnatin Arewa a lokacin. Wushishi tana kan hanyar fatake, kuma tana da zango inda ayari ke sauka.

A wancan zamani jirgin ƙasa bai isa Kano ba, sai a 1911. Fatauci duka a ƙafa yake da bayan jaki da takarkari. Ayari yakan tashi daga manyan kasuwanni irin su Kano a gabas da Jega a yamma, ɗauke da kanwa da fata da tufafi, ana kore da dabbobi, ya nufi Ilori da Legas ko Gwanja, ya komo da goro da kayan Turawa. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, kowa ya san matsayinsa. Hanyar da motocin albasar Aliero ke bi a yau, daga Jega su ratsa Maiyama da Koko da Yawuri zuwa Kwantagora su gangara Kudu, tafiyar makonni ce ga mai jaki. Kowace rana ana yin zango, a sauke kaya, a ɗaure dabbobi, a hura wuta, a yi sallah, sannan a zauna hira.

Wannan zama na maraice shi Stirrett ya gano. Idan rana ta yi sanyi sai ya nufi zango, ya gaisa da mutane, ya tsaya inda za a ji muryarsa ya yi magana da Hausa. Masu sauraronsa na yau ba su ne na gobe ba, domin da asuba sun ɗaura kaya sun wuce, wasu sun maye gurbinsu. A lissafinsa wannan riba ce, tun da kalmar da aka faɗa a Wushishi tana iya kwana a Katsina ko Jega bayan wata guda, a garuruwan da shi kansa ba shi da iznin kafa bukka. Amma akwai hasara a ciki, domin wanda ka yi wa magana sau ɗaya ya wuce, da wuya ya zama almajirinka.

Abin da ya sa ake tsayawa a saurare shi, bayan ladabin da Bahaushe ke yi wa baƙo, shi ne akwatin maganinsa. Matafiyi ba ya rabuwa da gyambo da kurkunu da ciwon ido da zazzaɓi. Bahaushe kuwa ba ya tambayar asalin mai magani idan maganin yana ci. Shi ya sa har gobe ake ɗauko mai karaya daga nesa a kawo shi Aliero wurin masu ɗori. Sunan Bature Mai Magani shi ne takardar shiga da gwamnati ba ta ba shi ba, jama'a suka ba shi.

Yadda yininsa yake

Waɗanda suka zauna da shi sun fi tuna shi da tsare lokaci. Yakan tashi tun kafin ƙarfe huɗu na asuba, ya rufe kansa a ɗaki yana addu'a da karatun littafinsa har gari ya waye tangaran, abin da ya sa ake cewa fitowar rana ba ta cika samunsa a waje ba. Daga nan sai duba marasa lafiya, sai zaman nazarin harshe da aikin rubutu, da yamma kuma sai zango ko kasuwa. Bai taɓa yin aure ba, bai tara kaya ba, abincinsa da suturarsa ba su wuce na buƙata ba. Mutumin da ya taɓa mallakar kantuna a Toronto ya koma rayuwar da kayansa duka ba su fi ƙarfin 'yan dako kaɗan ba.

Idan ya fita rangadi, a ƙafa yake tafiya, ƙauye bayan ƙauye, yana yada zango inda dare ya yi masa. Ƙaramin mutum ne a jiki, amma an san shi da saurin tafiya, har samarin da suka zo aiki a bayansa da shekaru masu yawa sukan sha wuya kafin su cim masa. Duk inda ya tarar da taro, ko a gindin bishiya ne ko a mashigin ruwa ko a bakin kasuwa, nan ne majami'arsa. Ya ɗauki zancen nan na zuwa da kai ya fi aike da gaske, ya mayar da shi tsarin aiki.

Marubutan tarihinsa sun ƙiyasta cewa ya yi wa'azi sau 20,000 a ƙalla, kuma mutanen da suka ji muryarsa sun kai miliyan ɗaya da rabi. Idan aka raba wannan adadi a kan shekara 46, za a samu sama da wa'azi 400 a kowace shekara, wato fiye da sau ɗaya a kowace rana, har da kwanakin ciwo da na tafiya. Ƙiyasi ne na masoyansa, amma yana nuna irin naci da rashin gajiyar da aka san shi da su.

Jos da aikin fassara

Zuwan jirgin ƙasa ya rage wa ayari da zango daraja, ya kuma haifar da sababbin wuraren taruwar jama'a. Haƙar kuza a tsaunukan Filato ta jawo dubban leburori da 'yan kasuwa daga Kano da Bauci da Barno da sauran wurare, garin Jos ya tashi, Hausa ta zama harshen da kowa ke ciniki da shi. A farkon shekarun 1920 SIM ta mayar da hedikwatarta Jos, kuma a can Stirrett ya yi ƙarshen rayuwarsa. Abin da yake yi a zangon Wushishi shi ya ci gaba da yi a babbar kasuwar Jos. Kowace rana sai ya je, har bayan ya haura shekara 80, ya zama ɗaya daga cikin fuskokin da 'yan kasuwa suka saba gani.

A tsakanin waɗannan fite-fite ne ya yi aikin da ya fi kowane daɗewa. Fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ta faro tun ƙarni na 19, lokacin da James Schön ya yi aiki a Ingila da taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi matafiyi Heinrich Barth zuwa Turai. Schön ya fitar da Sabon Alƙawari a 1880, amma Hausarsa ta wanda ya koyi harshe daga nesa ce. Aikin da ya kai ga cikakken littafin, wanda aka buga a 1932, Likita Mila ne jigonsa, tare da kwamitin 'yan mishan na ƙungiyoyi dabam-dabam da Hausawan da suka taimaka musu wajen tace kalmomi. Stirrett yana cikin manyan 'yan wannan kwamiti, kuma ya zo da abin da zaman ofis ba ya bayarwa, wato kunnen da ya shekara da shekaru yana jin Hausar fatake da mahauta da 'yan koli. Ya kuma tsara waƙoƙin ibada masu yawa da Hausa domin amfanin majami'u.

Littafin na 1932 ya fito ne a lokacin da rubutun boko yake tasowa. Bayansa da shekara biyu aka buga ƙamus ɗin Bargery, a 1934, a daidai lokacin da littattafan gasar ƙagaggun labarai ta Zariya suka fara fitowa, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a 1939. Ko mutum bai yarda da saƙon littafin ba, masanin harshe ba zai tsallake shi ba idan yana ba da tarihin yadda Hausa ta zauna a takarda. An ci gaba da amfani da wannan fassara kusan shekara hamsin kafin a fitar da sabuwa.

Abin da ya samu da wanda bai samu ba

Idan aka auna Stirrett da ma'aunin da ya kafa wa kansa, sai a ce bai cim ma burinsa ba. Hausawan da ya tarar ba mutane ne marasa littafi ba. Musulunci ya yi ƙarnoni a ƙasarsu, jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙara kafa shi shekara ɗari kafin zuwansa, kowane gari yana da malamai da makarantun allo, ayari kansa ba ya rasa malami. Annabi Isa, alaihis salam, da yake ba su labarinsa, sun riga sun san shi a Alƙur'ani, suna girmama shi, suna kuma da tasu fahimtar game da shi. Saboda haka sukan saurare shi cikin mutunci, su karɓi magani su yi godiya, wani lokaci su yi masa tambaya ko gardama, sannan ladan ya kira sallah su tashi. Waɗanda suka bi shi daga cikinsu 'yan kaɗan ne.

Ya rayu har ya ga an sassauta hanin da ya tsare shi a bakin ƙofa. A 1933 SIM ta samu shiga Kano, a ƙarshen shekarun 1930 kuma hukumomin En'e suka damƙa mata kula da asibitocin kutare na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, wanda har yau mutane ke zuwa daga ciki da wajen Najeriya. A ƙasar Nijar ma ƙungiyar ta kafa tasha a Damagaram da Tsibiri kusa da Maraɗi. Abin lura shi ne, ta ƙofar magani aka shiga, ƙofar da shi ya fara ƙwanƙwasawa da ɗan akwatinsa.

Inda aikinsa ya yi yabanya sosai kuwa, wuri ne da bai sa a gaba ba tun farko. Ƙabilun Filato da kudancin Zazzau da Tangale da ƙasar Gwari, waɗanda kowace take da harshenta, su ne suka karɓi addinin Kirista da yawa, kuma Hausa ce ta haɗa su. Littafin 1932 da waƙoƙin da aka tsara domin Hausawa suka zama na majami'unsu. A 1954, shekara shida bayan rasuwarsa, majami'un da SIM ta kafa suka haɗu suka zama Ikkilisiyar ECWA, wadda a yau take cikin manyan ɗarikun Kirista a Najeriya. A ƙasar Hausa kanta, yawancin waɗanda suka shiga addinin daga baya sun fito ne daga cikin Maguzawan Kano da Katsina. Ta haka mutumin da ya zo domin ya mayar da Hausawa Kirista ya ƙare da taimaka wa harshen Hausa ya zama harshen ibadar miliyoyin mutanen da ba Hausawa ba.

Ƙarshen tafiya

Bingham, wanda ƙasidarsa ta taso da shi daga Toronto, ya rasu a 1942. Stirrett bai yi ritaya ya koma Kanada ba, ya ci gaba da zama a Jos yana bin tsarin da ya saba, tashin asuba, aikin rubutu, sannan kasuwa. Ya rasu ranar 9 ga watan Yuli na 1948 yana da shekara 82, aka binne shi a ƙasar Filato.

Akwai abin dubawa a cikin wannan tarihi ga Arewa ta yau, musamman da yake Jos ɗin da ya rasu a cikinta ta sha fama da rikicin da ake dangantawa da addini. Shekara da shekaru wani baƙo yana tsayawa a tsakiyar Musulmi yana faɗin abin da ba su yarda da shi ba. Shi bai fasa zuwa ba, su kuma ba su fasa amsa gaisuwarsa ba. Bai janye su daga addininsu ba, su ma ba su janye shi daga nasa ba. Da suka tashi raɗa masa suna kuwa, ba su kira shi da wa'azin da suka ƙi karɓa ba, sai da maganin da suka amfana da shi.